Muhammadu Bawa Ɗan'anace, Makaɗin 'Yan Dambe

An haifi Muhammadu Bawa Ɗan'anace a ƙasar Gandi ta Jihar Sakkwato. Ya shahara a kiɗan maza, inda yakan zuga 'yan dambe da kalangu. Asalin dambe wasa ne na mahauta, wanda akan yi da kaka a garuruwa irin su Talata Mafara da Bakura da Maradun. Daga cikin jaruman da ya wasa akwai Shago da Ɗandunawa, kuma ta bakinsa ne sunayensu suka karaɗe ƙasar Hausa. Ya kuma yi wa manoma waƙa. Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1986, ya bar wa manazarta taskar kirari da azancin magana.