Hajiya Gambo Sawaba

An haifi Hajiya Gambo Sawaba a 1933, ta tashi a Zariya. Karatunta bai wuce firamare ba, tana shekara 13 aka yi mata aure. Da ta shiga NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, sai ta zama shugabar mata, tana bin gidaje tana faɗakar da matan kulle cewa su ma suna da hakkin jefa ƙuri'a. Hukumar En'e kuwa ba ta ƙyale ta ba. Sau 16 ana ɗaure ta, ta sha duka, har aka kore ta daga Kano, amma ba ta yi shiru ba. Iyayenmu mata a nan Arewa sai 1979 suka fara zaɓen 'yan majalisar tarayya, tana raye ta gani da idonta. Ta rasu a 2001.