Mutumin Da Ke Jikin Naira Biyar, Da Fim Ɗin Da Na Sa A Lamba Ɗaya

Makon jiya musu ya kaure a shagon da muke cajin waya da tura fina-finai a nan Fagam. Aka ce kowa ya faɗi fina-finan Hausa biyar da suka fi kowanne tun da aka fara harkar. Kun dai san yadda abin yake. Manyanmu suka kafe a kan Sangaya da Wasila, yaran yanzu ba su san komai ba sai Labarina da Izzar So, wani ya kawo Mansoor, wani kuma ya rantse cewa duk lissafin da babu Ibro a ciki lissafin banza ne. Da aka zo kaina na ce lamba ɗaya a wurina Shaihu Umar ne. Wuri ya yi tsit. Wani ƙanena ya tambaye ni a wace tasha ake sa shi a YouTube, kuma wane ne jarumin. Na laluba aljihu, na ci sa'a akwai wata tsohuwar naira biyar da ko ruwan leda ba ta saya yanzu, na ɗaga ta na ce ga wanda ya rubuta labarin nan. Aka kwashe da dariya, an ɗauka zolaya nake yi.

To ba zolaya ba ce. Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko kuma na ƙarshe, shi ne mai labarin. Kuma ya rubuta shi tun yana saurayi kamar ku, bai ma san zai shiga siyasa ba.

An haife shi a shekarar 1912 a ƙasar Tafawa Ɓalewa, cikin lardin Bauchi, wato maƙwabtanmu, mu da muke bakin iyaka. Ba ɗan sarki ba ne. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala yana aiki ne a gidan hakimi, sunan mahaifiyarsa Fatima Inna. Ya yi karatun allo, ya shiga elemantare a garinsu, ya wuce makarantar lardi ta Bauchi, daga nan a 1928 aka tura shi Kwalejin Katsina, inda ake horar da malaman makaranta na Arewa. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce. A 1933 ya gama, ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil.

A wannan shekarar ce wani Bature mai suna Rupert East, na Hukumar Fassara da ke Zariya, ya bi manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka sa gasa. A lokacin abin baƙo ne, don tatsuniya ta mata da yara ce, malami kuwa ba a san shi da zama ya ƙirƙiri abin da bai faru ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar na Malam Abubakar, wanda aka buga a 1934. Ku lissafa, shekarunsa ashirin da ɗaya ne kacal lokacin da ya rubuta shi.

Nan ne nake so mu ɗan zauna. Ruwan Bagaja ban dariya ne da dabara, Ganɗoki yaƙi ne da cika baki. Shi wannan saurayi sai ya zaɓi abin da ba wanda ke son taɓawa, wato bauta. Labarin ya buɗe da wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su tarihinsa. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafaden sarki mai suna Makau. 'Yan hassada suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi daga gari. A cikin wannan watsewar gida aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya haye Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama limami. Ita kuwa uwar ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar. Ta sha wuyar da ba ta faɗuwa. Da Umar ya yi mafarki da ita ya tashi nemanta, sun haɗu, amma ta riga ta ƙare, ba a daɗe ba ta cika. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi Allah ya tsirar.

Wallahi duk wanda ya taso a wannan yanki namu bai kamata ya ji wannan labari kamar na wata duniya ba. Tsofaffinmu har yanzu suna ba da labarin yaƙe-yaƙen Kano da Ningi, lokacin da garuruwa irin su Gwaram da Birnin Kudu ke zaman ganuwa, mutum ya tafi gona a wayi gari ba shi ba labarinsa. Lokacin da Malam Abubakar ke rubutu, waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna nan da rai, wasu ma an taɓa sayar da su.

Ba na ce littafin ba shi da aibu ba. Akwai dace da ya yi yawa, kamar kurar da ta zo ta cinye ɓarawon yaron ta bar yaron. Sannan shi Umar, da yake ya faɗa hannun ubangida na kirki, kusan sai ka manta saye da sayarwa ne ya kai shi can. Uwar ce ke hana ka mantawa. Ni a wurina ita ce jarumar labarin, ko da ba sunanta ne a bango ba.

Daga nan bai sake fitar da wani littafin labari ba. Ya zama shugaban makarantar Midil ta Bauchi, inda Malam Aminu Kano ma ya koyar, a zamanin da su Malam Sa'adu Zungur ke tada ƙura a taron muhawara na garin. A 1945 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa na shekara guda. Da ya dawo siyasa ta janye shi: Majalisar Arewa a 1946, Majalisar Dokoki ta Legas a 1947. A 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a gaban tsarin da sarakuna ke riƙe da shi, ga shi kuma ɗan talaka. Yana cikin manyan jam'iyyar NPC, Sardauna na shugaba shi yana mataimaki. Ya riƙe Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri, a 1957 ya zama Firayim Minista. Shi ya karɓi takardun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, bayan mako guda yana New York yana jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar da Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. A farkon 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a Sahara, hamadar nan dai da ya sa Umar da uwarsa suka ratsa.

Ku masu son murya, ku nemi tsohon bidiyon ziyararsa Amurka a 1961, lokacin Shugaba Kennedy. Ku saurari yadda yake ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba ɗaga murya. Ba banza aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya ba. Na sha raya wa raina cewa da a yau yake, da masu shirya fim sun yi layi a ƙofar gidansa neman ya karanta musu buɗewar labari.

Mulkinsa kuwa bai tafi sumul ba, kuma ba zan shafa masa mai ba. A zamaninsa aka yi rikicin Jihar Yamma, aka ɗaure Awolowo a 1963, aka yi rigimar ƙidaya, zaɓen 1964 ya zo da ƙaurace wa akwati da zargin maguɗi, 'yan NEPU a nan Arewa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka da kotunan En'e. Masu sukarsa suna cewa sanyinsa ya yi yawa, wuta na ci yana lallashi. Abin da abokan hamayyarsa ma ba su musa ba shi ne bai tara dukiya ba. A watan Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya. Bayan 'yan kwanaki, daren 15 ga wata, cikin azumi, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, a daren da aka kashe Sardauna a Kaduna. Sai bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas. Aka kai shi Bauchi aka binne, yana da shekara 53. Allah ya jiƙansa da rahama.

Saboda haka bai ga fim ɗin ba. Bayan rasuwarsa Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu, mutumin Garkiɗa da ya koyi aikin fim a Landan, ya ɗauke shi a matsayin fim na silima, da Hausa, Umaru Ladan ya fito a Shaihu Umar. Tsawonsa ya haura awa biyu. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977.

Sai kuma ya ɓace, kamar dai yadda aka sace Umar. Shekara da shekaru ana jin sunansa ba a ganinsa. Lokacin da aka fara fim ɗin bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, matasan da suka ɗauki kyamara ba su da kaset ɗin Shaihu Umar da za su koya daga gare shi. Abin da ke gabansu fina-finan Indiya ne da wasannin talabijin, kuma da su suka gina abin da muke kira Kannywood. Ba laifinsu ba ne, kuma ni ma da waƙoƙin Sangaya na taso. Amma ina yawan tunanin yadda masana'antar za ta kasance da a ce wannan fim yana yawo a gidajen kallo a lokacin. Sai a 2016 aka gano ainihin faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya mai suna Arsenal a Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wato Turawa sun zauna a silima sun kalli fim ɗinmu fes, mu masu harshen yawancinmu ko labarin ba mu ji ba.

Ni a kwamfutar wani abokina na kalle shi a Kano, kuma zan faɗa muku gaskiya don kada ku zage ni daga baya. Yana da nawa. Babu rawa da waƙar soyayya, babu mota, babu falo mai kujerun zinariya. Wanda ya saba da shiri mai dogon zango, inda ake tsayar da kai kan abin mamaki duk ƙarshen mako, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin tura shi gaba. Amma ku duba suturar, ku duba fada, ku duba raƙuma da rairayi, ku saurari Hausar da ake yi, babu gauraye. Sannan ku lura labarin ya san inda ya dosa tun daga farko. Cutar da ke damun yawancin shirye-shiryenmu na yanzu ke nan: ana fara su da kyau, in kasuwa ta karɓa sai a yi ta ja har marubucin kansa ya manta wa ya kashe wa ya bari. A cikin na baya-bayan nan, Mai Martaba na 2024, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar, ya yi ƙoƙarin komawa zamanin da da girmansa, kuma na yaba, amma bai sa ni na yi shiru bayan an gama ba kamar yadda uwar Umar ta sa ni.

Ga dai yadda na jera nawa a ranar. Shaihu Umar a sama. Sangaya na biyu, don shi ya sa gari ya ɗauki waƙar fim a baki. Wasila na uku. Zangon farko na Labarina na huɗu, na farkon kawai na ce. Na biyar na bar wa Ibro ya zaɓi wanda ya ga dama a cikin nasa, Allah ya gafarta masa.

Mai shagon har yau bai yarda ba, yana nan kan Sangaya. Ƙanen nan nawa kuwa washegari ya zo gida ya ari tsohon kwafin littafin da nake da shi tun sakandare, ya kuma roƙi naira biyar ɗin, na ba shi. Jiya na gan ta a bayan wayarsa, cikin kwanson roba. Mun yi da shi in aka gama girbi za mu shiga mota mu je Bauchi mu ga kabarin.