Frits Went, masanin da ya kamo sinadarin girman tsirrai

An haifi Frits Warmolt Went a birnin Utrecht na ƙasar Holan ranar 18 ga Mayu, 1903. Mahaifinsa farfesa ne na ilimin tsirrai a jami'ar birnin, saboda haka tsakanin lambu da ɗakin gwaji ya tashi.

Tun a 1880 Charles Darwin ya lura cewa kan tsiro ne ke jin haske, amma a ƙasa da shi karan ke lanƙwasawa. Abin da ya gagari masana shi ne kama saƙon da ke saukowa. A 1926, Went yana ɗalibi, ya fille kawunan tsiron ot, wani hatsi dangin alkama, ya ɗora su kan ƙananan curin jelatin. Bayan wani lokaci ya aza curin a gefe ɗaya na tsiron da ba shi da kai, cikin duhu. Sai tsiron ya lanƙwashe, domin gefen da ya sha sinadarin ya fi ɗayan tsawo. Wannan sinadari ne daga baya aka raɗa wa suna oksin.

Bayan ya yi aiki a tsibirin Java, ya koma Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya a 1933. A can ya wallafa littafi kan sinadaran girman tsirrai tare da Kenneth Thimann a 1937, kuma a 1949 ya buɗe ɗakunan da ake sarrafa zafi da haske domin nazarin shuka.

A shekarun 1940 wasu masana suka haɗa 2,4-D, mai kwaikwayon oksin. Yana sa ciyawa mai faɗin ganye girman da ba ta iya ɗauka har ta mutu, ya bar masara da shinkafa. Manoman Najeriya na fesa shi har yau. Sai dai shi ne rabin haɗin da sojojin Amurka suka kakkaɓe ganyen dazuzzukan Vietnam da shi.

Went ya rasu a Nevada ranar 1 ga Mayu, 1990. Sai a 2005 aka gano cewa TIR1 ne furotin da ke karɓar oksin cikin ƙwayar tsiro. A kansa da danginsa masana ke aiki yanzu, suna neman sinadaran da za su taɓa inda ake so kaɗai, domin amfanin gona ya ƙaru.