Janar Robert Neyland: Sojan da ya gina nasara a kan kuskuren abokin karawa

An haifi Robert Neyland a ranar 17 ga Fabrairun 1892 a garin Greenville na Jihar Texas a Amurka. Ya kammala makarantar hafsoshin soja ta West Point a 1916, ya yi aiki a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a 1926 ya zama kocin ƙwallon Amurka na Jami'ar Tennessee.

A wannan wasa da hannu ake ɗaukar ƙwallo, kuma kowace ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi goma. Idan ƙwallo ta suɓuce wa ɗan wasa abokan karawa suka ɗauke ta, ko suka cafke ta a sama bayan an jefa, sai ta koma hannunsu. Masu kallon Wikki Tourists a Bauchi sun san irin wannan asara, domin ƙwallon da aka ƙwace a tsakiyar fili takan ƙare a raga.

A kan wannan Neyland ya kafa tsarinsa. Ya koyar da cewa ƙungiyar da ta fi ƙarancin kuskure ita ke yin nasara. Yakan sa a doka ƙwallo can nesa tun damarsa ba ta ƙare ba, don a tsare abokan karawa kusa da gidansu. Daga nan masu tsaron bayansa su matsa musu lamba har su yi sakaci, a ƙwace, a ci.

A kakar 1939 Tennessee ta buga wasa 10 ba a ci ta ko maki ɗaya ba, kuma babu wata babbar jami'a da ta sake yin haka. Sai dai a wasan Rose Bowl na Janairun 1940, Jami'ar Kudancin California ta doke ta da ci 14 da nema.

Aikin soja ya raba shi da fili sau biyu: a 1935 aka tura shi Panama, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi aiki a Sin da Indiya, har ya kai muƙamin Birgediya Janar. Ya dawo a 1946, ya lashe kambun ƙasa a 1951, ya ajiye aikin koci bayan kakar 1952 da nasara 173, rashin nasara 31 da canjaras 12.

Ya rasu a New Orleans ranar 28 ga Maris, 1962. Filin wasan jami'ar da ke Knoxville yana ɗauke da sunansa.