Percy Girouard: Gwamnan da ya shimfiɗa layin dogo zuwa Kano

An haifi Percy Girouard a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 26 ga watan Janairun 1867. Mahaifinsa lauya ne wanda daga baya ya zama alƙali a kotun ƙolin ƙasar.

Ya gama kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya yi aikin shimfiɗa layin dogo na ɗan lokaci, sannan ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya a 1888.

A Sudan ya yi suna. A 1897, yana ƙaramin hafsa ɗan shekara 30, Janar Kitchener ya ɗora masa aikin shimfiɗa layi daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, tafiyar fiye da mil 200 cikin hamada. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya: a hura kwal, ruwan tukunya ya tafasa, tururin ya tura ƙafafu. Saboda haka sai da jiragen suka riƙa jan tankunan ruwan da za su sha, kafin a dace da rijiyoyi a kan hanya. Wannan layi ne ya kai sojoji da makaman da aka murƙushe daular Mahadi da su a Omdurman a 1898.

Ya kuma shugabanci harkar jiragen ƙasa na soja a yaƙin Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902.

A 1907 aka turo shi Arewacin Nijeriya ya gaji Lugga. Abin da ya tarar na jirgin ƙasa a duk faɗin yankin bai wuce wani ɗan siririn layi ba, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, tsakanin Zungeru da Barijuko a bakin kogin Kaduna. Kan jirgin da ke jan taragunsa ƙarami ne ƙwarai, kuma daga baya an ajiye shi a Minna a matsayin kayan tarihi.

Shi kuwa Girouard layin da zai haɗa Kano da kogin Kwara yake so. Aka fara daga Baro, inda jiragen ruwa ke iya kaiwa lokacin ambaliya, aka bi ta Minna da Kaduna da Zariya, tsawon fiye da mil 350. Injiniya John Eaglesome ne ya tsaya a kan aikin.

An yi shi da araha, kuma talakawa ne suka biya bambancin da guminsu. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara dubban leburori, da yawansu ba da son ransu ba, suna barin gonakinsu su yi makonni suna haƙa da jidar ƙasa a ka. Ana biyan su da kuɗin Bature, abin da ya taimaka wajen ture wuri daga kasuwanni. Aikin ya girgiza ƙasar Zazzau har Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya yi masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Layin ya isa Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi sosai a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa kai wa masaƙun Ingila. Manoma suka duba farashi, suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya ci. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, da arzikin attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Ƙasar Katsina kuwa gefe aka bar ta. Reshen da ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma bai kusanci birnin Katsina ba, balle Safana da Batsari. Sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya.

Wani abin da ya bari, wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne batun filaye. Shawararsa ce ta kai ga kafa kwamiti a 1908, da kuma dokar 1910 wadda ta sa duk ƙasar Arewa a hannun gwamna, ya riƙe ta amana saboda 'yan ƙasa. Dokar ta hana Turawa sayen filaye su mallaka, amma ta rage ikon sarakuna a kan ƙasa. Dokar filaye ta 1978 a kan wannan tushe aka gina ta.

Girouard bai ga shigar jirgi Kano ba, domin tun 1909 aka mai da shi Kenya. A can ya samu saɓani da ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a kan tayar da ƙabilar Masai daga makiyayarsu ta Laikipia don a ba Turawa, ya ajiye aiki a 1912. Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth.

Ya mutu a London ranar 26 ga watan Satumbar 1932, yana da shekara 65.