Fausto Coppi: Yaron mahaucin da ya gagari duwatsu, sauro ya kayar da shi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bichi ko ta Dambatta ranar kasuwa ya san irin samarin nan da ke ɗora wa keke buhu biyu, su rataya kaji a gaba, su yi ta taka feda cikin rairayi tsakanin gonaki har su ɓulla titi. Ba mai kiran wannan wasa, neman abinci ne. To mutumin da muka ɗauko tarihinsa a filinmu na yau daga irin wannan aikin ya fito. Sunansa Fausto Coppi, ɗan ƙasar Italiya, kuma har gobe in ana lissafin gwanayen tseren keke na duniya, da wuya a ƙirga uku ba a ambace shi ba. Ajalinsa kuwa a nan maƙwabtanmu ya ɗauko shi, a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso.

Bari mu fara da irin tseren, don ba irin wanda yara ke yi daga bakin masallaci zuwa gindin tsamiya ba ne. Tsere ne na zango-zango, kamar tafiyar fatake. Yau a yi kilomita 200 ko fiye, a kwana a wani gari, gobe a tashi a ɗora, har tsawon mako uku. Ana tara lokacin da kowa ya ci a kowane zango, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara. Saboda haka kana iya cinye zango biyar ka rasa gasar, in rana ɗaya tak cikinka ya ɓaci ko ka faɗi. A yau akwai kekuna na musamman masu ƙatuwar taya da ake irin wannan tsere da su a kan duwatsu, kamar gasar Cape Epic ta Afirka ta Kudu da aka fara a 2004. A zamanin Coppi babu su. Da siririyar taya ake hawa duwatsun, hanyoyin da yawansu tsakuwa ce zalla, mutum na rataye da tayar safiya a kafaɗa.

An haife shi ran 15 ga Satumba 1919 a Castellania, wani ɗan ƙauyen manoma a arewacin Italiya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar. Siriri ne, mai yawan laulayi, boko ba ta dame shi ba, noman ma ba wani abin a zo a gani yake taɓukawa ba. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi garin Novi Ligure ya zama yaron mahauci, aikinsa kai wa masu saye nama a kan keke. Wani ɗan'uwan babansa da ke aikin jirgin ruwa ne ya taimaka da kuɗin da aka haɗa masa keken tsere na farko.

A garin ne ya haɗu da Biagio Cavanna, wani makaho mai yi wa 'yan tsere tausa yana kuma horar da su. Da hannu yake gane ɗan tsere, ya shafa ƙafa da wuya, ya saurari bugun zuciya. Shi ya karɓi yaron, ya shimfiɗa masa doka kan lokacin barci, abin da zai ci da nisan da zai yi kullum.

A 1940 kamfanin kekuna na Legnano ya ɗauke shi a gasar zagayen Italiya, wato Giro d'Italia, amma a matsayin ɗan rakiya. Aikinsa ya tare wa maigidan ƙungiyar, Gino Bartali, iska, ya ɗebo masa ruwa. Sai Bartali ya faɗi tun a farkon gasar ya ji ciwo. Ɗan rakiya ya samu sarari, ya tsere wa kowa cikin ruwan sama a kan dutsen Abetone, ya lashe gasar yana ɗan shekara 20. Har yau ba a samu wanda ya ci ta da ƙarancin shekaru kamarsa ba. An gama ran 9 ga Yuni, washegari Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu.

Yaƙin ya cinye masa shekarun da ƙarfinsa ke tashe. Ya dai samu ya kafa tarihi a Milan cikin Nuwamba 1942, inda ya yi kusan kilomita 46 cikin awa ɗaya, bajintar da ba a karya ba sai 1956. Daga nan aka tura shi fagen daga a Tunisiya, sojojin Ingila suka kama shi a 1943, ya zauna fursunan yaƙi. Da ya dawo, ya koma kamfanin Bianchi, kuma a tseren Milan zuwa Sanremo na 1946 ya iso da tazarar minti 14 tsakaninsa da na biyu. Sai da gidan rediyo ya saka wa masu sauraro kiɗa kafin sauran su ƙaraso.

Shekarar da ta fi nuna ko wane ne shi ita ce 1949. Ran 10 ga Yuni, a Giro, aka yi zango daga Cuneo zuwa Pinerolo, kilomita 254, wato ya ɗara Kano zuwa Kaduna. A tsakani akwai manyan duwatsu biyar, ɗayansu, Izoard, tsayinsa mita 2,360. Tun a dutsen farko Coppi ya ɓalle, ya yi kilomita 192 shi kaɗai, babu mai tare masa iska, babu mai miƙo masa ruwa cikin 'yan tsere. Ka ƙiyasta Kano zuwa Katsina har da ƙari, hawa da gangara, cikin sanyi da laka. Bartali, wanda yanzu ya zama babban abokin hamayyarsa, ya zo na biyu bayan kusan minti 12.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya faru wata guda bayan nan a gasar zagayen Faransa, Tour de France, domin a can ne aka ga rauninsa. A zango na biyar ya yi karo, kekensa ya lalace, ya tsaya jiran wani, zuciyarsa ta karye. Da yamma ta yi, na gaba ya ba shi ratar fiye da rabin awa a jimilla. Coppi ya ce shi gida zai tafi. Shugaban tawagar Italiya, Alfredo Binda, wanda shi ma tsohon zakara ne, ya yi ta lallashinsa har ya haƙura ya hau keke washegari. To ka ji amfanin tseren kwanaki: akwai gobe. Ya riƙa rage bashin nan kaɗan-kaɗan, da aka shiga duwatsun Alps shi da Bartali suka bar kowa a baya. A Briançon Bartali ne ya ci zangon, ranar da ya cika shekara 35. Kashegari a hanyar Aosta Bartali ya yi faci sannan ya faɗi, Coppi ya karɓe rigar ruwan ɗorawa ta jagora, ya kai ta har Faris. Shi ne mutum na farko da ya haɗa Giro da Tour a shekara ɗaya, ya kuma maimaita a 1952. A wannan karon ratar da ya bayar ta kai minti 28, har masu shirya gasar suka ƙara kuɗin na biyu don sauran su samu abin yi wa takara. Jimilla ya ci Giro sau biyar, Tour sau biyu, ya zama zakaran duniya a 1953.

Me ya bambanta shi? Kafin shi, yawancin 'yan tsere sun ɗauki abin a matsayin juriya kawai, a cika ciki da nama a fita a sha wuya. Shi kuwa lissafi ya mayar da shi. Abinci mara nauyi, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Atisaye mai tsari. Yaran ƙungiya kowa da aikinsa, wani ruwa, wani iska, wani ya ba da tayarsa in ta maigida ta fashe. Abin da ƙungiyoyi ke yi a yau, da yawansa a wurinsa aka gani.

Ba za mu wanke shi tas ba. Da bakinsa ya amsa cewa yana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, waɗanda a lokacin doka ba ta hana ba, kuma kusan kowa a fagen yana sha. Wanda ya san yadda tiramadol ta yi da samarinmu masu aikin ƙarfi, 'yan lodi da masu haƙar yashi, ya san inda wannan hanyar ke ɓullewa. Waɗannan ƙwayoyin na cikin abin da ya kashe ɗan Ingila Tom Simpson a kan dutse a Tour na 1967. Sannan ga batun iyali: ya bar matarsa ya koma wa matar wani likita, Giulia Occhini, abin da ya kai su gaban kotu a 1955 ya kuma zubar masa da ƙima a idon mutanen ƙasarsa da yawa. Kafin wannan ma ya sha babban rashi. Ƙaninsa Serse, wanda suke tsere tare, ya faɗi a Turin a Yunin 1951 lokacin da tayarsa ta maƙale a layin dogo na cikin gari. Ya tashi ya koma masauki kamar ba komai, daga baya kai ya ɗauki ciwo, a ranar ya rasu. Waɗanda suka san Fausto sun ce bai ƙara komawa daidai ba.

A Disamba 1959, yana ɗan shekara 40, ƙarfi ya ja baya amma sunan na nan, aka gayyace shi Upper Volta tare da wasu zakarun Faransa, cikinsu har da Jacques Anquetil da Raphaël Géminiani. Ƙasar na bikin cika shekara ɗaya da zama jamhuriya a ƙarƙashin Faransa. Suka yi tsere a Wagadugu ran 13 ga wata, Anquetil ya zo na ɗaya, Coppi na biyu. Daga nan aka kai su farauta wajen Fada Ngurma, garin da ke kan hanyar Yamai, wanda fataken Hausawa suka daɗe da sani. Coppi da Géminiani ɗaki ɗaya suka kwana, sauro ya yi ta cizonsu har gari ya waye.

Kowa ya koma ƙasarsa lafiya ƙalau. Wajen ƙarshen wata zazzaɓi ya kwantar da su duka biyun, ɗaya a Faransa, ɗaya a Italiya. Géminiani har ya fita hayyacinsa. Allah ya taimake shi aka aika jininsa cibiyar Pasteur da ke Faris, aka gano zazzaɓin cizon sauro ne, mugun nau'in nan falsifarum wanda shi ne ya fi yawa a ƙasarmu. Aka ɗura masa kwinin, ya farfaɗo. 'Yan'uwansa suka buga waya Italiya suka sanar cewa ga abin da aka gano, a duba Coppi. Likitocin can ba su ɗauka ba, suka ci gaba da maganin mura mai tsanani da ciwon ƙirji.

Nan ne abin ke ci mini rai. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke shiga cikinsa da awa nawa ya yi barci, ga kuɗi, ga manyan likitoci, amma gwajin jini ɗaya ya gagara. Mu nan kuskurenmu ta ɗaya gefen yake. Duk zazzaɓi sunansa maleriya, a je kemis a haɗo na ɗari biyar ba gwaji, ko kuma saurayi ya ce shi ƙato ne, zai wartsake, ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Da damina in gero ya rufe gari, a ƙauyukanmu na arewacin Kano kusan ba gidan da ba a kwance, gidan sauron da aka raba kuwa wani yana can an kewaye rumbu ko lambu da shi. Falsifarum ba ta duba ƙwanji, in ta samu kwanaki ba magani tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙoda, alhali gwajin da ake yi da ɗigon jini a ɗan yatsa ba ya wuce minti 20.

An kai Coppi asibitin Tortona ran 1 ga Janairu 1960, ya cika da safiyar 2 ga wata. Dubban mutane suka taka cikin sanyi zuwa Castellania wajen binne shi, kuma a can kabarinsa yake tare da na Serse. Tun 1965, dutsen da ya fi kowane tsayi a Giro na kowace shekara ana kiransa Cima Coppi, wato ƙololuwar Coppi, a 2019 kuma aka ƙara sunansa a kan na ƙauyen. Burkina Faso ta fara tata gasar ta zango-zango, Tour du Faso, a 1987. Shi kuwa Géminiani, abokin kwanansa na Fada Ngurma, sai a Yulin 2024 ya rasu, yana da shekara 99.