Jean-Antoine Carrel, Jagoran Dutsen Matterhorn

An haifi Jean-Antoine Carrel cikin watan Janairu na shekarar 1829 a kwarin Valtournenche, wani lungu da ke cikin duwatsun Alps a arewa maso yammacin ƙasar da ake kira Italiya a yau. Mutanen kwarin makiyaya ne da maharba, kuma Faransanci ne harshen karatunsu. Carrel ya tashi yana aikin gini da farautar awakin dutse, sa'an nan ya shiga soja, ya yi yaƙi da Ostiriya cikin rundunar da ake kira Bersaglieri. Da ya komo gida sai sunan rundunar ya bi shi ya zama laƙabinsa.

A ƙarshen kwarin nan akwai wani dutse mai siffar dala, tsawonsa mita 4,478, tsaye a kan iyakar Italiya da Suwizalan. Italiyawa na ce da shi Cervino, mutanen Suwizalan kuwa Matterhorn. Kogunan ƙanƙara sun kewaye gindinsa, watau dusar ƙanƙarar da ta taru shekara da shekaru har ta daskare, tana malalowa a hankali, cike da tsagogin da za su iya haɗiye mutum. Mutanen zamanin sun ɗauka ba mai hawansa, har ana cewa iskoki ke zaune a kai suna jifa da duwatsu. Carrel bai yarda da wannan ba. Ya ƙudurta a ransa cewa dutsen zai hawu, kuma ta gefen kwarinsu za a hau, kuma shi ne zai fara. A 1857 shi da 'yan kwarinsu biyu suka kai wani tozo da ake kira Kan Zaki, mai tsawon mita 3,700 da 'yan kai, inda suka hango doron kudu maso yamma wanda ya miƙe har ƙololuwa. Wannan doro, Doron Zaki, shi ne ya ci rayuwarsa.

A 1861 sai ga wani saurayi Bature ɗan Ingila, Edward Whymper, mai sana'ar sassaƙa hotunan littattafai, shi ma da wannan buri. Shekara huɗu suka yi, wani lokaci tare a igiya ɗaya, wani lokaci kowa na fakon ɗan'uwansa. Whymper ya san babu wanda ya kai Carrel ƙwarewa a kan dutse, Carrel kuwa yana karɓar ladan jagoranci amma bai taɓa nufin ya kai baƙo inda shi bai riga ya taka ba. Ko a 1862, lokacin da masanin kimiyya John Tyndall ya kai kafaɗar dutsen, mita 4,241, da jagorori 'yan Suwizalan, an ɗauki Carrel ne a matsayin ɗan dako, kuma da suka cije a bakin wani gibi bai nuna musu wata dabara ba.

Abin ya zo ƙarshe cikin watan Yuli na 1865. Italiya sabuwar ƙasa ce a lokacin, manyanta na son tutarsu ta fara hawa dutsen. Quintino Sella, ministan kuɗi wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar mahaya duwatsu ta Italiya a 1863, ya aiko da injiniya Felice Giordano ya ɗauki Carrel a ɓoye. Whymper ya wayi gari ya tarar jagoran da yake dogara da shi ya tafi da kaya da mutane. Cikin fushi ya ƙetare mashigin Theodul ta kan ƙanƙara zuwa garin Zermatt, ya haɗa kai da wasu Turawan Birtaniya uku da jagorori uku, suka bi doron arewa maso gabas, wanda ake kira Hörnli.

A nan ne ido ya yaudari mutane shekaru da yawa, har da Carrel. Daga Zermatt gefen nan yana kama da bango, alhali kuwa shimfiɗar duwatsunsa ta karkata ciki, ta zama kamar matakala. Gefen Italiya, wanda daga ƙasa ya fi kama da mai hawuwa, shimfiɗarsa waje ta karkato, ƙafa ba ta samun wurin zama. Ranar 14 ga Yuli su Whymper suka kai ƙololuwa ba tare da wahala mai yawa ba, suka leƙo suka hangi su Carrel a ƙasa, suka yi ta ihu suna gangaro da duwatsu don a san sun iso. Giordano, da ke kallo da tabaron hangen nesa daga Breuil, ya zaci mutanensa ne, har ya aika wa Sella albishir. Carrel kuwa ya juyo gida. A hanyar saukowa ɗaya daga cikin Turawan, saurayi da bai goge ba, ya zame ya ja mutum uku, igiya ta tsinke, su huɗun suka faɗa wajen mita 1,200 zuwa kan ƙanƙarar da ke gindin dutsen. Ɗaya daga cikinsu, Lord Francis Douglas, ba a ga gawarsa ba har yau.

Ana iya ganin laifin Carrel a wannan al'amari, domin ya ɓoye wa abokin tafiyarsa gaskiya, kuma ya yi jinkiri a kan dutse saboda ya tabbata babu wata hanya sai tasa. Amma abin da ya yi bayan haka ba kowa zai iya ba. Kwana biyu tsakani ya sake tashi, ranar 17 ga Yuli shi da Jean-Baptiste Bich suka kai ƙololuwa ta Doron Zaki. Da bangon ƙarshe ya gagare su sai suka ratsa ta wani siririn gefe a fuskar yamma, abokan tafiyarsu biyu suka tsaya suka zura su da igiya zuwa wani kwazazzabo, suka jira komowarsu. Ɗayan biyun nan shi ne limamin coci Amé Gorret, wanda aka hau Kan Zaki da shi tun 1857. Hanyar ta fi ta Whymper wuya nesa ba kusa ba, duk da haka su huɗu suka tafi, su huɗu suka dawo. A 1867 'yan gidan Maquignaz suka gano yadda za a hau bangon ƙarshen kai tsaye, daga baya aka kakkafa igiyoyi da tsani a wurin.

Gaba ba ta ɗore tsakanin mutanen biyu ba. Da Whymper ya yi niyyar zuwa duwatsun Andes na ƙasar Ekwado a 1879, Carrel ya nema, tare da ɗan'uwansa Louis. Ranar 4 ga Janairu 1880 suka zama na farko da suka hau Chimborazo, mai tsawon fiye da mita 6,200, sa'an nan suka kwana a bakin ramin Cotopaxi, dutse mai aman wuta, suka kuma fara hawan Antisana da Cayambe. Carrel ya haura shekara 50 a lokacin, shi ke ɗauke da ma'aunin iska na gilashi a bayansa.

Cikin watan Agusta na 1890, yana da shekara 61, ya ɗauki wani saurayi ɗan Turin, Leone Sinigaglia, wanda daga baya ya yi suna wajen tsara kiɗa, tare da jagora na biyu, Charles Gorret, suka nufi Doron Zaki. Guguwar ƙanƙara ta tsare su a wata bukka can sama har kwana biyu. Abinci ya yi ƙasa, itace ya ƙare, suka koma ƙona kujerun bukkar. Carrel ya yanke shawarar sauka. Tun safe har wajen tsakar dare suke kokawa da iska da duhu, ƙanƙara ta rufe duk wata alamar hanya, shi ke sarar matakai yana nuna inda za a sa ƙafa. Sai da suka wuce duk wuraren haɗari, saura kaɗan su taka ciyawar makiyaya, sa'an nan ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗi. Suka jingina shi a gindin wani dutse, a nan ya cika. Sinigaglia da Gorret suka isa Breuil kafin gari ya waye sosai.

An kafa gicciye a inda ya mutu, masu hawa ta gefen Italiya suna wucewa ta gabansa. Bukkar da aka gina a kan doron a 1969, a tsawon mita 3,830, sunansa aka sa mata.